Tambaya da Amsa: Hutun Golf da Abokai, Sanda a Hannu Kyamara a Jaka

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya. Hutu ya gabato, abokai sun haɗa kai za su tafi buga golf a wani wuri mai nisa, kuma kowa yana son ya dawo da hoton da zai nuna wa wanda bai je ba irin ƙasar da ya taka. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne, abokai tun muna makaranta, muna buga golf don nishaɗi kawai. Bara mun yi tafiyar mako guda, na tafi da sabuwar kyamara. Abu biyu suka ɓata mini rai. Abokaina sun yi ta ƙorafi wai ina ja musu wasa baya, har wani ma'aikacin filin ya zo ya ce mu ɗaga ƙafa. Sannan da na dawo na buɗe hotunan a kwamfuta, sai na ga ba filin da na gani da idona ba ne, ƙasar duk ta baje, babu tudu babu kwari. Bana za mu sake tafiya. Me zan gyara? Daga wani mai karatu, ma'aikacin banki.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abubuwan nan biyu da suka dame ka tushensu ɗaya ne. Kana ɗaukar hoto a lokacin da ya kamata hankalinka ya kasance kan ƙwallo, kuma wannan lokacin shi ne mafi muni ga hoto. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka raba su, kowanne ka ba shi sa'arsa.

Bari in fara da bajewar ƙasa, don a nan ne mutane suke ɗora wa kyamara laifin da ba nata ba. Kyan filin golf a ƙirar ƙasarsa yake: 'yan tuddai, gangare, lanƙwasar hanya, leɓen tarkon yashi, da yadda girin, shimfiɗar nan ta lallausar ciyawa da ramin yake ciki, take karkata gefe guda. Kai da kake wurin kana ganin duk wannan saboda idanu biyu gare ka, kuma tafiya kake yi, kana jin hawa da sauka a cinyoyinka. Kyamara kuwa ido ɗaya gare ta, a tsaye take wuri guda. Abin da kaɗai yake gaya mata cewa nan tudu ne can kwari ne shi ne inuwa, kuma da rana tsaka inuwa shigewa take yi ƙarƙashin komai. Ka tuna lokacin da kuka riƙa fita bara. Na tabbata sai kun karya, kun taɓa hira, sannan ku buga ƙwallon farko wajen ƙarfe tara ko goma, ku gama bayan azahar. Ka ga kenan duk hotunanka rana tana bisa kai ka ɗauke su.

Hasken da kake nema sau biyu yake zuwa a yini: bayan fitowar rana kaɗan, da kuma dab da faɗuwarta. A lokacin rana tana kwance, haskenta yana shafar ƙasa ta gefe, kowane ɗan tudu sai ya ja inuwarsa, layukan da injin yankan ciyawa ya bari su fito ɓaro-ɓaro, yashi ya koma ruwan zuma. Tsawon wannan haske ya danganta da inda kuka je. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana faɗawa take yi da sauri, in ka tsaya neman murfin kyamara sai ka tarar an gama. A Sikotilan kuwa cikin watan Yuni rana tana fitowa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma ta daɗe tana rarrafe a gefen sama kafin ta ɓace.

Saboda haka tun wurin kama lokacin wasa ake shirya hoto. In abokanka za su yarda, ku kama ko dai fitar farko ta safe ko ta bayan la'asar, a ƙalla a filin da ya fi sauran kyau. In ba su yarda ba, kada ka matsa musu. Ka yi wasanka da su a lokacin da suke so, sannan ka koma kai kaɗai da yamma ko da sassafe, babu sanduna, daga kai sai kyamara. Amma ka fara shiga ofishin filin ka nemi izini, ka tambayi ramukan da ba kowa a kansu a wannan sa'a. Yawanci ba sa hanawa in ka zo da ladabi. Da asuba za ka tarar da masu kula da ciyawa suna aiki. Ka gaishe su, ka kauce wa injinansu, ka kuma tambaye su inda rana take fara sauka, domin su ne suke ganin filin a wannan haske kullum, babu wanda ya kai su saninsa. Kada ka taka girin mai raɓa. Sawunka zai fito a hoton, kuma ba naka ba ne ka fara taka shi.

Akwai wurin da wannan yawo ma haƙƙin kowa ne. Tsohon filin St Andrews na Sikotilan, wanda a cikinsa aka mayar da ramuka daga 22 zuwa 18 a shekarar 1764 har sauran duniya ta bi, ba a buga wasa a kansa ranar Lahadi sai in ana babbar gasa. Ranar nan jama'a ke shiga su yi yawo, ka tsaya kan 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan a rami na 18, inda shahararren ɗan wasan golf Jack Nicklaus ya tsaya ya ɗaga wa jama'a hannu na ban kwana a 2005, babu mai cewa ka yi sauri.

To a cikin wasa fa? Ban ce kada ka taɓa kyamara sam ba. Amma ka yi lissafi. Mutum huɗu suna gama ramuka 18 cikin kimanin awa huɗu zuwa huɗu da rabi, kuma tsakanin ƙungiya da ƙungiya minti takwas zuwa goma ake bari. In ka ƙara minti ɗaya kacal a kowane rami, minti 18 kenan, ka cinye tazarar ƙungiyoyi biyu. Shi ya sa ma'aikacin nan ya zo muku, kuma gaskiyarsa. Dokokin wasa da aka sabunta a 2019 sun so mutum ya buga cikin daƙiƙa 40 in layi ya zo kansa, sun kuma rage lokacin neman ɓataccen ƙwallo daga minti biyar zuwa uku, duk don wasa ya riƙa tafiya. Ni dai lokacin da nake fito da kyamara shi ne in muna tsaye a mafarin rami, wato inda ake bugun farko, muna jiran na gabanmu su wuce, domin wannan jiran dole ne ko da hoto ko babu. Sai kuma bayan an jefa ƙwallon ƙarshe, na sauka daga girin, na waiwaya sau ɗaya.

Wannan waiwaye ka riƙe shi da kyau. Kusan kowa daga mafarin rami yake ɗauka yana fuskantar tuta, sai tutar ta zama ɗigo can nesa, rabin hoton ya zama ciyawa fili fetal. Daga bayan girin kuwa, tuta tana kusa, tarkunan yashi suna zagaye da ita, hanyar da kuka biyo tana miƙewa can baya. Nan ne ramin yake nuna fuskarsa. Ka kuma canza tsayinka. Ko dai ka hau ɗan tudu ka leƙo, ko ka durƙusa har doguwar ciyawa ta shigo gaban hoton. Tsayin ido na mutum a tsaye shi ne ya fi bajar da ƙasa.

Game da gilashin kyamara, mutane suna rugawa ga mai faɗi don su kwashe komai, sai duwatsun da suka cika musu ido su koma ƙanana. Na fi amfani da mai jawo nesa, irin na milimita 70 zuwa 200, domin yana matso da dutse ko teku har bayan tuta, kamar yadda ka ji shi a ranka sa'ad da kake tsaye a wurin. Mai faɗi sai in akwai abu mai ƙarfi a gabanka, kamar bakin tarkon yashi mai zurfi. Ka sa buɗin gilashi a f/8 ko f/11, ISO, wato ma'aunin jin hasken kyamara, a 100 in haske ya isa. Gilashin rage ƙyalli yana cire sheƙin ciyawa da na ruwa, kuma ya fi aiki in rana tana gefen kafaɗarka, ba gabanka ko bayanka ba. Wurin gyara a kwamfuta, don Allah ka tausaya wa kore, kada ka ƙara masa kauri. Filin bakin teku da rani ruwan ƙasa-ƙasa yake, mai haɗe da zinariya, haka aka san shi, kuma haka ya fi kyau.

Abu na ƙarshe, ka sa mutum a ciki. Abokinka can nesa, ɗan ƙarami, yana saɓe da jaka yana hawa gangare, shi ne zai gaya wa mai kallo girman wurin. Hoton filin da babu kowa kuwa, masu filin sun riga sun ɗauki wanda ya fi naka, suna da shi a bango.

Tambaya: Yallaɓai, mu shida ne, ba mu taɓa fita waje don golf ba. Muna son wurin da ido zai more amma wasan ba zai gagare mu ba. Ina za ka ce mu dosa? Daga wani mai karatu da ya yi ritaya kwanan nan.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a hutun. Ka yi daidai da ka haɗa sharuɗɗan biyu, domin filayen da suka fi fitowa a kalanda sau da yawa su ne suka fi wahalar da mai koyo.

Filayen bakin teku na Sikotilan da Ailan, waɗanda aka shimfiɗa a kan tuddan rairayi, su ne asalin wasan, kuma a wurina babu abin da ya kai su a hoto. Royal County Down da ke Ailan ta Arewa misali ne: duwatsun Mourne a baya, teku a gefe, in watan Mayu ne ƙayar da ke gefen hanya duk ta fitar da fure rawaya. Amma babu bishiyar da za ta kare ka daga iska, akwai bugun da za ka yi ba ka ganin inda ƙwallo zai sauka, kuma in ya shiga ƙayar nan ya tafi kenan. Mai koyo zai iya ƙarar da ƙwallayen jakarsa kafin rami na tara. In zuciya ta nace sai can, ku haɗa babban fili ɗaya da ƙanana biyu ko uku na kusa da shi. Ƙananan sukan raba gaɓar teku ɗaya da manyan, haske ɗaya, iska ɗaya, kuma babu cunkoso. St Andrews kansa, ban da tsohon filin, akwai wasu filaye a gefensa masu sauƙin samu. Shi tsohon, baƙi da yawa ta ƙuri'a suke samunsa, ana fitar da ita kwana biyu kafin ranar wasa, kuma sai da shaidar handikaf, wato lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa da rangwamen bugun da ake yi masa.

Don tafiyar farko na fi karkata ga wurare masu sauƙin yanayi inda filaye suke kusa da juna. Yankin Algarve a kudancin Fotugal yana da wannan: a Vilamoura hanya tana ratsa itatuwan fain masu kai kamar laima, a Vale do Lobo kuma akwai ramin da ake bugawa ta saman jajayen gaɓoɓin dutse da ke bisa teku. Belek kusa da Antalya a Turkiyya ma haka, filaye a jere. A Maroko akwai Dar Es Salam na Rabat, wanda mai tsara filayen golf Robert Trent Jones ya zana aka buɗe a 1971 cikin daji, sai kuma filayen Marrakesh, inda da hunturu za ka ɗauki tuta da bishiyar dabino a gaba, duwatsun Atlas masu ƙanƙara a baya. Waɗannan wurare duk sun fi daɗi daga Maris zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Tsakiyar bazararsu zafi ne. In Afirka ta Kudu kuka zaɓa, ku tuna lokutansu a juye suke, Disamba da Janairu ne zafinsu. Pinnacle Point a Mossel Bay yana bisa duwatsun teku, Skukuza kuma fili ne mai ramuka tara a cikin gandun dajin Kruger, babu shinge tsakaninsa da namun daji, sai ka sa hannu a takarda kafin ka shiga.

Tambaya ɗaya nake so ku yi kafin ku biya ko sisi: yaushe za su huda girin? Filaye sukan huhhuda ciyawar su zuba yashi sau ɗaya ko biyu a shekara don saiwa ta sha iska. Aiki ne mai amfani, amma mako biyu ko uku bayansa ƙwallo tsalle yake yi maimakon gangara, hoto kuma ya fito da zane-zanen yashi. Ba kowane mai sayar da tafiya ne zai gaya muku ba sai kun tambaya.

Sannan kada ku cika kwanakin da wasa. Zagaye ɗaya a ƙafa yakan kai kilomita takwas zuwa goma. Bayan kwana biyu a jere ku bar yini guda babu sanda. Ku kuma buga daga mafarin da ke gaba, ba na ƙwararru da ke can baya ba. Babu abin kunya a ciki, kuma kyan wurin ba ya raguwa. Rami na bakwai a Pebble Beach na Kalifoniya bai kai yadi 110 ba, amma yana cikin ramukan da aka fi ɗauka a hoto a duniya.

Tambaya: Malam, a cikinmu akwai mai handikaf 9, akwai wanda bai cika shekara da farawa ba. Duk tafiya mutum ɗaya ke cinyewa, sauran su yi shiru, sabon kuma ya ji kamar nauyi ya zame mana. Yaya za mu yi? Daga mai shirya wa abokansa tafiya.

Amsa: Ɗan'uwa, ku daina ƙirga jimillar bugu. Wannan lissafi na ƙwararru ne, kuma rami ɗaya da ya lalace yakan kashe wa mai koyo yini guda. Ku koma tsarin maki na Stableford. Wani likita ne, Frank Stableford, ya fito da shi, aka fara gasa da shi a Wallasey kusa da Libaful a 1932, kuma don irin abokinku aka yi shi.

Ga yadda yake. Kowane rami yana da bugun ƙa'ida, uku ko huɗu ko biyar. Bayan an cire wa mutum rangwamen handikaf ɗinsa, in ya yi daidai da ƙa'ida maki biyu, in ya haura da ɗaya maki ɗaya, in ya rage ɗaya maki uku. In ya haura da biyu babu maki, sai ya ɗauki ƙwallonsa ya sa a aljihu, a wuce. Mai handikaf 36 yana da rarar bugu biyu a kowane rami, don haka in ya gama rami mai ƙa'ida huɗu da bugu shida ya ci maki biyu cif. Mai 9 kuwa bugu ɗaya yake samu a ramuka tara mafi wuya, kuma katin filin ya jera su da lamba. Wanda ya tara 36 ya buga daidai ƙarfinsa. Ka ga sabon zai iya doke gwanin ranar da hannunsa ya faɗa, kuma ɗaukar ƙwallon nan yana sa wasa sauri.

In sabon bai da handikaf, ya nema tun yanzu. Tsarin bai ɗaya na duniya da aka fara a 2020 yana ba mutum lamba bayan ya miƙa sakamakon ramuka 54, kuma lambar tana kaiwa har 54. Daga baya ana ɗaukar mafi kyau takwas daga wasanninsa ashirin na ƙarshe.

Ranar farko, da gajiyar hanya a jiki, ku yi wasan haɗin gwiwa: kowa ya buga, a zaɓi ƙwallon da ya fi kyau, kowa ya sake bugawa daga nan. Ku sa sharaɗin sai an yi amfani da bugun farko na kowane mutum aƙalla sau uku, don sabon ya san ana bukatarsa. Shawarata kuma kada kuɗi ya shiga tsakani. Ɗan ƙaramin kofi da zai riƙa yawo daga hannu zuwa hannu kowace shekara ya wadatar.

Tambaya: Baba, ni ba ni da kyamara sai waya. Ni da ƙawayena uku za mu tafi, kuma ni aka ɗora wa ɗaukar hoto. Ina son in kama su suna bugu, amma kullum sai hoton ya fito dishi-dishi ko sandar ta lanƙwashe. Daga wata mai karatu, malamar jinya.

Amsa: 'Yata, wayar ta isa. Amma kafin maganar hoto, maganar inda za ki tsaya, domin ita ce ta fi muhimmanci. Ƙwallon da aka buga da babbar sanda yakan bar wurin da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Kada ki taɓa tsayawa gaban ƙwallo, ko da can gefe ne, ko da kina ganin ƙawarki ta iya. Ƙwallon da ya kuɓuce wa mai bugu da hannun dama yakan fita gaba ta ɓangaren da ƙirjinta yake fuskanta, wato daidai inda mai hoto yake son tsayawa. Ki fuskanci ƙirjinta daga nesa, amma ki ja baya kaɗan da layin ƙwallon. In ta bayanta kike son ɗauka, ki tambaye ta tukuna, wasu ba sa son motsi a nan.

Ki kashe ƙarar wayar. Ɗan ƙaramin sauti a lokacin da sanda take sama ya isa ya ɓata bugu. Shi ya sa a gasar Masters ta Augusta a Amurka ba a shiga da waya ko kaɗan, kyamara ma sai a ranakun gwaji.

Lanƙwasar sandar ba laifinki ba ne. Waya ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi take karanta shi, sanda kuma ta riga ta matsa kafin a kai layin ƙasa. Masu babbar kyamara suna sa saurin ɗauka a 1/1000 ko 1/2000 na daƙiƙa don su tsayar da motsi. Ke kuwa ki daina farautar lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo. Hoton da ya fi kyau yana ƙarshen bugu, sa'ad da ta juyo gaba ɗaya, sanda a bayan wuya, ido yana bin ƙwallo. A nan jiki a tsaye yake, fuska a buɗe, filin kuma yana bayanta. In kina son motsin kansa, ki yi bidiyo mai tafiyar hawainiya, ko ki danne maɓalli ya ɗauki da yawa a jere ki zaɓa. Bugun fita daga tarkon yashi da rana a bayan mai bugun yana da kyau ƙwarai, yashin yakan tashi yana walƙiya.

Dishi-dishin kuma sau da yawa maiƙo ne. Gumi da man kare rana suna shafar gilashin, ki goge shi da tsumma mai laushi kafin kowane hoto. Ki kunna layukan raba allo don ki daidaita bakin teku ko gefen sama, domin karkataccen teku ba ya ɓoyuwa. Ki taɓa allon a wurin da ya fi haske ki ja hasken ƙasa kaɗan, kada sama ta fito fari fat. Kada ki jawo hoto da yatsu biyu, ki tsaya kan lambobin da wayar ta bayar, 2 ko 3, ko ki taka da ƙafa. Kuma tunda ke ma wasa kika je yi, ki miƙa wa ɗaya daga cikinsu wayar lokaci-lokaci. Mai ɗaukar hoton tafiya ita ce ake nema a rasa a ciki. Kafin ki sa hoton kowa a Instagram ko Facebook, ki nuna mata ta amince.

Tambaya: Malam, zan iya tafiya da ƙaramin jirgina marar matuƙi in ɗauki filin daga sama? Daga wani matashi.

Amsa: Ƙanena, izini biyu kake bukata, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya: na ƙasar da na masu filin. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ba a wuce mita 120 sama, yawancin jirage masu kyamara sai an yi musu rajista, kuma kusa da filin jirgin sama haramun ne sai da izini na musamman. Maroko kuwa ko shiga da shi ba a yi sai da takarda, kwastan na riƙe shi a bakin shiga. Ka bincika dokar ƙasar tun kafin ka haɗa kaya, ka kuma rubuta wa filin tun kana gida. In sun yarda, da sassafe za su ce, kafin 'yan wasa su fito. Kada ka tashe shi bisa kan mutanen da suka biya kuɗinsu suka zo neman shiru. In ka samu dama, kada ka haura can ƙoli. Daga mita 20 zuwa 40 ne tuddai suke riƙe inuwarsu, in ka wuce haka sai filin ya koma taswira.

Tambaya: Yallaɓai, yaya zan kare kayana a hanya da kuma in ruwa ya sauko muna tsakiyar fili? Daga wani mai karatu, injiniya.

Amsa: Injiniya, sanduna su bi kaya, kyamara ta bi ka cikin jirgi. Baturan ajiya dole a jakar hannu suke, dokar jiragen sama ce. Ka kwance kan babbar sanda in mai kwancewa ce, ka naɗe shi a tawul, ka cusa tufafi tsakanin sauran don kada su riƙa bugun juna. Dokar wasa ta tsaya a sanduna 14, amma mai hutu zai iya rage uku ko huɗu bai ji a jikinsa ba. Ka auna jakar a gida, ka karanta sharaɗin kamfanin jirgin kan kayan wasanni, ka kuma ɗauki hotonta a buɗe da a rufe kafin ka miƙa. In tafiyar gajera ce, haya a can ta fi sauƙi, sai dai ka kama tun da wuri, musamman in bahago ne kai.

A fili, yashi da gishirin teku sun fi ruwa ɓarna. Kada ka canza gilashi cikin iska. In ƙura ta hau, ka hure ta tukuna kafin ka goge, in ba haka ba kai da kanka za ka karce shi. Jakar leda mai zif da ɗan tawul busasshe sun isa ga yayyafi. In daga ɗaki mai sanyi ka fito zuwa waje mai laima, ka bar kyamarar a cikin jakarta kamar minti ashirin kada ta yi gumi. Kuma kada ka yi saurin komawa masauki don an yi ruwa. Sa'ad da hadari ya fara yayewa, rana ta ɓullo ta ƙarƙashinsa ta haska jiƙaƙƙiyar ciyawa, sama baƙa ƙirin a baya, wannan haske ya fi na kowace rana mai garau.

Tsawa ce kaɗai ba a ciniki da ita. Da ka ji ta, ko ka ji an busa jiniya mai tsawo, ka ajiye sanda da laima da ƙafar kyamara ka nufi gini ko mota mai rufi. Gindin bishiya ba mafaka ba ne, ƙaramar motar fili ma haka. Dokar wasa ta ba kowane ɗan wasa damar tsayawa da kansa in yana ganin akwai haɗarin tsawa, ba sai ya jira an ba shi umarni ba.

Kowane dare ka kwafe hotunan yinin zuwa wuri na biyu, waya ko kwamfuta, kada ka goge na kan memori sai ka isa gida.

Mai karatun da ya yi tambaya kan yadda ake zaɓen hotunan da za a buga a littafin tafiya, da wadda ta tambayi ladabin hulɗa da mai ɗaukar jaka, ku yi haƙuri, amsarku tana fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.